Tashin Tsikar Jiki Ba Shi Ne Ma'aunin Jibi Mai Tsarki Ba

Akwai wata fahimta da ta daɗe tana yawo tsakanin 'yan Katolika na karkara, har da ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, wajen Bichi da Tsanyawa da Kunchi da Dambatta, inda gona ke manne da gona, Kiristoci kuwa 'yan tsiraru ne a warwatse cikin dangi da maƙwabta Musulmi. Masu wannan fahimta suna cewa duk wanda ya karɓi Jibi Mai Tsarki yadda ya kamata, wajibi ne ya ji a jikinsa. Ko dai tsikar jiki ta tashi, ko hawaye su zubo, ko wani sanyi ya ratsa ƙirji. In ya koma mazauninsa bai ji komai ba, to ɗayan biyu ne: ko bai cancanta ba tun farko, ko jibin bai yi aiki a kansa ba. Daga nan sai hukunci ya biyo baya, wai gara mutum ya zauna a bencinsa, ya bar masu tashi su tashi, har ranar da zuciyarsa za ta motsa.

Kafin a ce uffan, ya kamata a ba masu wannan ra'ayi haƙƙinsu. Ba masu wasa da addini ba ne. Sau da yawa ma su ne ke riga kowa zuwa coci, su ne ke share ta ranar Asabar, su ne ginshiƙan Zumuntar Mata Katolika. Hujjojinsu kuma suna da nauyi. Suna cewa: in dai da gaske Jikin Almasihu ne da Jininsa, kamar yadda muka ba da gaskiya, ta yaya Mahaliccin sama da ƙasa zai sauka cikin ɗan Adam, shi kuwa ko gezau? Suna tuna mana gargaɗin Manzo Bulus ga mutanen Koranti game da mai ci da sha ba tare da cancanta ba. Suna kawo labarin almajirai biyun nan na hanyar Imuwasu, waɗanda zukatansu suka yi zafi sa'ad da Ubangiji yake tafiya tare da su. Sannan su nuna masu bin layi don sabo kawai, ido na kan takalmin na gaba, su ce: haka kuke so mu zama? Duk wanda ya saurare su da zuciya ɗaya zai gane cewa girmamawa ce ta haifi maganarsu. Sai dai mai girmamawa ma yana kuskure, wannan kuwa kuskure ne mai cutarwa, domin waɗanda suka fi kowa buƙatar jibin su yake zaunarwa.

Yana da amfani mu san inda fahimtar ta samo asali. Da yawa daga cikin dattawan waɗannan coci-coci, ko su ko iyayensu, a gidajen Maguzawa aka haife su. A addinin kakanni, wanda masani Joseph Greenberg ya zauna ya nazarta a ƙasar Kano tsakanin 1938 da 1939, jiki ne ke shaida zuwan iska a wajen bori. Ana goge ko garaya, ana kirari, sai a ga mutum ya sauya, murya ta canza, ya faɗi ƙasa. In iskar za ta tafi, a ji atishawa. Idan ba a ga alama ba, kowa ya san ba ta zo ba. Ban kawo wannan don cin mutuncin kakanni ba, mutane ne da har gobe ake ba da misali da gaskiyarsu da ƙwazon nomansu. Amma ma'aunin da mutum ya tashi da shi ba ya ɓacewa rana ɗaya don an yi masa baftisma. Yakan sake riga ne kawai, ya biyo shi coci.

Sai kuma abin da samari ke dawowa da shi daga ci-rani a Kano da Kaduna da Abuja, da wanda ake kallo a waya: manyan tarukan addu'a, lasifika na tsawa, jama'a na kuka suna zubewa. A cikin Katolika ma akwai yunƙurin sabuntawa cikin Ruhu Mai Tsarki, wanda ya faro a Amurka a 1967, Ikilisiya kuma ta karɓe shi, ya farfaɗo da addu'a a zukata masu yawa. Matsalar tana tasowa ne idan yaro ya dawo ƙauye ya auna Misar garinsu da wancan, ya ga kamar a nan babu komai. Ga kuma ƙarancin firistoci. Sai a 1991 aka yanke Kano ta zama yankin mishan mai cin gashin kansa, ta zama cikakken dayosis a 1999, tana ɗauke da jihohin Kano da Jigawa. Fada ɗaya kan riƙe ƙauyuka da dama yana zagayawa, akwai inda sai a yi makonni ba a ga Misa ba, Baba katekis ne ke jan addu'ar Lahadi. Abin da aka daɗe ana jira kuwa, buri mai yawa ake ɗora masa.

To mu fara da tushen zancen. Wane ne mai aiki a cikin jibi? Koyarwar Ikilisiya a nan ba ta da ƙura. Majalisar Tirent, wadda ta yi zamanta tsakanin 1545 da 1563, ta tabbatar a 1547 cewa sakramenti yana ba da alheri ta dalilin aikin da aka yi da ikon Almasihu, ga duk wanda bai gindaya shinge ba. A 1551 kuma ta bayyana cewa da zarar an keɓe gurasa da ruwan inabi, Almasihu yana nan da gaske, tun kafin kowa ya karɓa. Ka lura da wannan na ƙarshe, ɗan'uwa. Yana nan a kan bagade tun kana zaune a bencinka. Yana nan a cikin akwatin ajiyar jibi bayan jama'a sun watse an kulle ƙofa, lokacin da babu ko mutum ɗaya da tsikar jikinsa za ta tashi. Wanda kasancewarsa ba ta jira ka buɗe baki ba, ta yaya za ta jira hawayenka?

Wani reshe na wannan muhawara a Afirka aka yi shi, fiye da shekara 1,600 da suka wuce. Mabiya Donatus sun dage cewa sakramentin da malamin coci mai zunubi ya bayar ba shi da inganci. Waliyyi Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriyar yau, ya yi shekaru yana amsa musu, har zuwa babban taron Kartej na 411. Amsarsa ita ce, ko hannun wa ya zuba ruwan, mai baftismar na ainihi Almasihu ne. Mu 'yan dayosis ɗin Kano bai kamata wannan ya zama mana baƙon zance ba, domin Bishop Patrick Sheehan da Bishop John Namaza Niyiring, wanda ya gaje shi a 2008, duka 'yan ƙungiyar da ke bin tafarkin Agustin ne. Duk da haka sai ka ji ana cewa Misar Fada wane tana da ƙarfi, ta wane kuwa lami ce, don kawai Hausarsa ba ta fita ko muryarsa ba ta da daɗin waƙa. Wa'azi mai ratsa zuciya abin so ne, kuma haƙƙin jama'a ne Fada ya ƙoƙarta ya iya harshensu. Amma jibin da ke hannun wannan shi ne a hannun wancan. In kuwa halin mai bayarwa bai rage masa komai ba, motsin zuciyar mai karɓa ba zai ƙara masa ba.

Wani zai ce: ke nan halin mai karɓa ba shi da tasiri? Yana da shi ƙwarai, kuma gwargwadon shirin mutum gwargwadon amfanin da zai samu. Tambayar ita ce, mene ne shirin? A nan tarihi ya riga ya yi mana wahalar gwaji. A ƙarni na 17 wata aƙida mai tsanani ta bazu a Faransa, wadda ake dangantawa da Bishop Jansen. Ɗaya daga cikin jagororinta, Antoine Arnauld, ya fitar da littafi a 1643 yana sukar yawan cin jibi, yana gindaya sharuɗɗan tsarkin zuciya waɗanda da wuya ɗan Adam ya cika. Su ba tashin tsikar jiki suke nema ba, ƙauna marar gauraye suke nema, amma hanyar tasu da ta 'yan'uwanmu wuri ɗaya suke ɓullewa: mutum ya yi ta leƙa cikinsa yana neman shaidar cewa ya isa, bai samu ba, ya ja da baya. Haka mutanen kirki suka yi ta ƙaurace wa bagade da sunan ladabi, wasu sai sau ɗaya a shekara, don cika dokar da Majalisar Lateran ta 4 ta kafa a 1215 cewa kowa ya karɓa aƙalla a lokacin Ista. Wannan sanyin jiki ya daɗe a Turai fiye da shekara 200.

Paparoma Piyus na 10 ne ya rufe ƙofar gardamar. A ranar 20 ga Disamba 1905 aka fitar da doka da amincewarsa, wadda ta buɗe cin jibi kullum ga kowane mai bi, babba da yaro, mai kuɗi da talaka, bisa sharaɗi biyu kacal. Na farko, mutum ya kasance ba ya ɗauke da babban zunubin da bai furta ba. Na biyu, niyyarsa ta zama daidai, wato ba don sabo ko nuna kai ko ganin idon mutane ba, sai don ya faranta wa Allah, ya ƙara kusantarsa, ya nemi maganin raunin kansa. Dokar ta fito fili ta ce ba a kafa jibi don ya zama ladan nagarta ba, an kafa shi ne don mai rauni ya samu ƙarfi. A 1910 kuma Paparoman ya saukar da shekarun fara karɓa zuwa lokacin da yaro ya yi wayo, wajen shekara 7. Kundin dokokin Ikilisiya na 1983 yana kan wannan turba: wanda ya san yana da babban zunubi ya fara zuwa wurin Fada ya furta, kowa kuma ya kame baki na awa 1 kafin karɓa, ban da ruwa da magani, an kuma ɗauke wa tsofaffi da marasa lafiya wannan. Ka bi sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya, ba za ka tarar da wanda ya ce sai ka ji wani abu ba. Wanda ya ƙara shi, ko da kyakkyawar niyya, ya ɗora wa kansa da 'yan'uwansa kayan da Ikilisiya ba ta ɗora ba.

Mu koma ga Littafi Mai Tsarki, tun da daga can aka ɗauko hujja. Jibi na farko a duniya, Ubangiji ne ya miƙa shi da hannunsa. Me ya biyo baya? Luka ya ba da labari cewa a wurin cin abincin nan gardama ta tashi tsakanin manzanni kan wane ne babba. Suka fita zuwa Getsamani, ya roƙe su su yi tsaro tare da shi, barci ya kwashe su. Kafin zakara ya yi cara Bitrus ya yi musun saninsa sau uku, sauran suka watse. Shi kansa mai jibin baƙin ciki ne ya lulluɓe shi a gonar nan. In da shauƙi ne ma'auni, da sai mu ce jibin daren nan bai inganta ba, babu kuwa Kiristan da zai iya furta haka.

Gargaɗin Bulus ma, a karanta babin daga inda zancen ya faro. Laifin mutanen Koranti rarrabuwa ce: masu hali su ci su ƙoshi har su bugu, matalauta su tashi da yunwa da kunya. Binciken kai da ya umarta na hali ne da mu'amala da sanin darajar abin da ake karɓa. Bai ce wa kowa ya taɓa ƙirjinsa ya ji ko yana bugawa ba. Almajiran Imuwasu kuwa, labarinsu ya fi zama hujja a kan masu kawo shi. Zafin zuciyar a kan hanya ya same su, lokacin da ba su ma san da wa suke tafiya ba. Da suka gane shi wurin gutsura gurasa, nan take ya ɓace wa idanunsu. Abin da aka rubuta bayan nan aiki ne: suka tashi a wannan sa'a suka koma Urushalima wurin 'yan'uwa da labari.

Akwai kuma abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa a coci ba: motsin zuciya da jiki yake tafiya. Ɗauki mace ɗaya a ranakun Lahadi biyu. Ta farko a tsakiyar Agusta, rumbu ya kusa ƙarewa, gero bai nuna ba, an kwana shida ana maimai a gona, sauro ya hana barci. Ta tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta saɓa goyo, ta bi burtali cikin taɓo har ƙauyen da Fada zai zo, ta zauna ƙarƙashin kwano yaro na kuka a bayanta. Ta biyu ranar Kirsimeti, an gama kaka, rumbu ya cika, ga sabon zane, 'yan ci-rani sun dawo, ganga na tashi. Ba sai an faɗa maka ranar da za ta fi jin daɗi ba. Amma mace ɗaya ce, bangaskiyarta ɗaya, kuma kowa ya san a wace rana ta fi yin sadaukarwa kafin ta iso. In muka yarda cewa jin daɗi ne shaidar alheri, mun yarda ke nan cewa Allah ya fi kusa da mai ƙoshi a kan mai yunwa, da mai lafiya a kan majinyaci. Wannan ya ci karo da Bishara daga farkonta har ƙarshe.

Majalisar Fulorens ta 1439 ta koyar cewa duk abin da abinci ke yi wa jiki, jibi na yi wa rai: yana riƙe shi, yana raya shi, yana gyara abin da ya lalace, yana kuma ba da daɗi. Abu huɗu, daɗi ɗaya ne daga ciki. Wanda zazzaɓin damina ya kayar ya san yadda baki ke yin ɗaci, a kawo kunun da ya fi so ya ji shi kamar ruwan toka. Ba a taɓa samun mai jinya mai hankali da ta ce masa ya bari sai ranar da ɗanɗano ya dawo ba. Cewa take yi, daure ka sha, domin ta san kunun na aikinsa ko harshe bai shaida ba, kuma shan ne ma zai dawo da ɗanɗanon. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsefe wannan da kyau. Ya ce mai karɓa da hankali a rarrabe, ko da ƙananan laifuffuka a tare da shi, yana iya rasa zaƙin da ake ji a lokacin, amma ba ya rasa ƙaruwar alheri da ƙauna a cikin ransa.

Waliyyan da suka fi mu sanin addu'a ba su ɓoye wannan ba. Yohanna na Gicciye, mutumin Sifen da 'yan'uwansa sufaye suka kulle a wani ɗan ɗaki a Toledo kusan wata 9 tsakanin 1577 da 1578, ya yi rubutu kan ainihin wannan matsala tamu. Ya lissafa ta cikin cututtukan masu fara tafiya, ya kira ta kwaɗayi na ruhu: mutum ya karɓi jibi, maimakon ya yi sujada cikin tawali'u ga wanda ya shigo, sai ya shiga farautar ɗanɗano, in bai samu ba ya ɗauka bai yi komai ba. A ganinsa wannan ƙasƙantar da Allah ne, domin abin da gaɓoɓi ke ji shi ne mafi ƙanƙantar amfanin jibi, kuma sau da yawa Allah da kansa ke janye shi don mutum ya koyi dogara ga bangaskiya.

Tereza ta Lisiyo, wadda ta rasu a 1897 tana da shekara 24, aka kuma naɗa ta waliyyiyar masu aikin mishan a 1927, ta faɗa da bakinta cewa lokacin godiya bayan jibi yana cikin lokutan da ta fi rashin jin daɗin addu'a, har barci kan ɗauke ta. A watan Mayu 1889 ta rubuta wa 'yar kawunta, Marie Guérin, wadda waswasi ya sa ta daina karɓa, tana nuna mata cewa Shaiɗan ba ya buƙatar jefa mai tsoron Allah cikin zunubi, ya ishe shi ya nisanta shi da bagade. Uwa Tereza ta Kalkata kuwa, sai da aka buga wasiƙunta a 2007, shekara 10 bayan rasuwarta, duniya ta san cewa ta yi kusan shekara 50 cikin bushewar zuciya, tana zuwa Misa kowace safiya, tana fita ta kwashi waɗanda aka yasar a titi. Da ta bi shawarar zama a benci, da ta zauna rabin ƙarni.

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan a nasu ɓangaren. Suna girmama natsuwa a cikin salla, suna nemanta, amma ba za ka ji malami ya ce wa mutum ya ajiye sallar asuba sai ranar da ya ji zaƙinta ba.

Kuskuren yana da baki biyu, na biyun kuwa ya fi na farko haɗari. In rashin ji na hana mai gaskiya tashi, yawan ji na iya ruɗar marar gaskiya. A wannan yanki, inda gonaki ƙanana ne, gado ya yi ta rarraba su, ba a kuma barin ƙasa ta huta, rikicin iyaka ba baƙo ba ne. Mutum ya ci taku biyu daga gonar matar marigayi wansa, ya matsar da gambar da ke kan iyaka, marayu na kallo ba su da bakin magana. Ranar Lahadi waƙa ta yi daɗi, hawaye suka zubo masa, ya karɓi jibi ya fito yana ganin shi da Allah sun daidaita. Hawayen na gaske ne, ba na ce na ƙarya ba ne, amma ba su mayar da gambar inda take ba. Ubangiji ya umarci mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa na da ƙara a kansa, ya fara zuwa su shirya tukuna. Waliyyi Ignashiyos na Loyola ma ya yi gargaɗi cewa maƙiyi na iya ba mutum daɗi na ƙarya don ya kwantar masa da hankali a kan ɓata. Ma'aunin da ke zaunar da matar Agustan nan ya kuma tayar da mai cin gonar marayu, ba ma'aunin da za a riƙe ba ne.

To mene ne farin ciki na gaskiya, wanda jibi ke bayarwa? Akwinas ya ce daga ƙauna yake fitowa: mutum na farin ciki ne idan wanda yake ƙauna yana tare da shi. Mazauninsa sani ne da nufi, wato na san wanda na karɓa, na kuma zaɓe shi. Shi ya sa yake iya zama tare da gajiya da talauci, har da makoki. Wasiƙar Bulus zuwa ga mutanen Filibi, wadda ta fi sauran wasiƙunsa ambaton farin ciki, daga kurkuku ya rubuta ta. A wasiƙarsa ga Galatiyawa kuma ya jera farin ciki cikin amfanin da Ruhu ke haifarwa, tare da ƙauna da salama da haƙuri da kirki da kamewa. Abokan tafiyarsa ke nan, da su ake gane shi. Saboda haka in kana son sanin ko jibi na aiki a kanka, tambayi matarka ko hannunka ya rage saurin tashi. Tambayi maƙwabcin da kuke iyaka. Duba ko kuɗin gyaɗar bana sun isa gida ko sun tsaya a wurin mai giya. Ke kuma, Mama, duba ko gabar da ke tsakaninki da faccalarki ta kai ta bara. Irin wannan sauyi ba a ganinsa tsakanin bagade da benci, sai an haɗa shekara da shekara.

Kada a fahimce ni a baibai. Hawaye da shauƙi ba abin kunya ba ne, kuma wanda Allah ya ba shi ya karɓa hannu bibbiyu ya gode. Allah ne ya halicci jiki, ya kuma san yadda yake lallashin bayinsa, musamman sababbin tuba da masu baƙin ciki. Haka nan ba kowace bushewa ce alamar waliyyantaka ba. Ignashiyos ya kawo dalilai uku da ke jawo ta: sakacinmu, ko gwaji don a ga iya tafiyarmu ba tare da lada a hannu ba, ko don mu gane cewa daɗin kyauta ne, ba mu ke ƙera shi ba. Na farkon yana wuyanmu. Wanda ya iso bayan an gama karatu, ya yi ta hira a bakin ƙofa, ya karɓa ya fice kafin albarka, ba ya addu'a daga Lahadi sai Lahadi, kada ya jingina kansa da Uwa Tereza. Amma maganinsa gyara ne: ya zo da wuri, ya furta zunubansa in Fada ya zo, ya zauna minti kaɗan bayan karɓa ya yi godiya ko da bakinsa ne kawai ke motsi. Shawarar Ignashiyos ga mai bushewa ita ce kada ya sauya abin da ya ƙudurta lokacin da zuciyarsa ke sarari, sai ma ya ƙara.

A birni, wanda ya zauna yau zai iya tashi gobe da safe a babban cocin Fatima da ke Kano. A ƙauye ba haka ba ne. Wadda ta zauna ranar da Fada ya zo, sai ta sake jiran makonni, in damina ta ɓata hanya ma fiye. Ga kuma ido: coci ƙarama ce, kowa ya san kowa, kafin a kai gida an fara tambayar me wance ta yi da ba ta ci jibi ba yau. Ta zauna don tsoron Allah, ta tashi da zargin da ba ta ji ba ba ta gani ba, wata na ganin haka sai ta tashi don tsoron baki, wanda shi ne ainihin abin da dokar 1905 ta hana.

Don haka roƙona ga iyayenmu katekis, waɗanda su ne ke riƙe da coci-cocin nan, shi ne a duba yadda ake shirya yara don jibin farko. A daina yi musu alkawarin cewa ranar za su ji abin da ba su taɓa ji ba. Yaro ɗan shekara 8 yana cikin farin kaya, takalmi na matsa masa, yana tsoron kada ya yi kuskure a gaban Fada. Zai karɓa, ya ji ɗanɗanon gurasa kawai, ya yi shiru da abin a ransa yana zaton shi kaɗai aka tsallake. A gaya masa tun da wuri wanda zai karɓa, a gaya masa cewa mai yiwuwa ya ji wani abu, mai yiwuwa kuma ba zai ji ba. In kuma babba ya zo ya ce, Baba, na karɓa ban ji komai ba, a tambaye shi abu uku: ko ya gaskata Jikin Almasihu ne, ko akwai babban zunubin da bai furta ba, ko akwai wanda ya zalunta bai gyara ba. In amsoshinsa sun yi daidai, a ce masa ranar da Fada ya dawo ya shiga layi.